Juma'ar da Muka Sabunta Kwamfutar Shagon Hoto

A shekarar da sojoji suka karɓe mulki a Yamai, aka rufe boda na ɗan lokaci har motocin masara suka yi dogon layi a Magama, a shekarar ce muka rasa hotunan shagonmu. Lokacin shari'a ta kusa shekara goma a jiharmu. Ni kuma ina shekarata ta biyu a ajin yaƙi da jahilci, ina zuwa bayan la'asar tare da wasu masu furfura irina.

Shagon na ƙanena ne. Shi ya buɗe shi a bakin tasha, kusa da inda ake duba takardun masu tsallakawa, sannan ya samu aiki a Kaduna ya bar mini. Kafin nan dako nake yi, sai bayana ya ƙi. Aikin shagon ɗaukar hoton fasfo ne. Direba zai zo, ko ɗan kasuwa daga Maraɗi, ko manomi da aka ce ya kawo hoto don wani kati, in zaunar da shi gaban farin ƙyalle in ɗauka, in sa a kwamfuta, firinta ta fitar.

Abin da ya riƙe mana mutane shi ne ba ma zubar da hoto. Wanda muka taɓa ɗauka, ko bayan shekara nawa ya dawo, sai in nemo fuskarsa in sake wanke masa, ba sai ya sake zama ba. Mutanen ƙauye kuma sun gano wani amfanin. Idan aka yi rasuwa, sai ɗa ko ƙane ya zo ya tambaya ko muna da hoton mamacin, kuma sau da yawa namu ne kaɗai hoton da ya taɓa ɗauka a duniya. Da hannuna ya fara faɗawa da rubutu, na zauna na rarraba hotunan gari-gari, kowane gari da foldarsa, na rubuta sunayen da yatsa ɗaya: Daddara, Mazanya, Gangara, Maraɗi, Direbobi. Na yi wata kuma ta kaina, inda nake buga ɗan abin da malaminmu ya ba mu mu rubuta.

A daminar shekarar nan firinta ta soma fitar da fuskoki da wani kore-kore, kamar mutum ya kwana da ciwon ciki. Na canza tawada, bai hana ba. Ma'aikatan boda suka fara mayar da hotunanmu. Wani direba ya dawo ya ajiye nasa a tebur ya ce, "Baba, dubi Allah, wannan ni ne ko ganyen zogale?" Aka yi dariya, ni ma na yi. Ana cikin haka kwamfutar ta soma fito da wani rubutu duk safiya. Da Turanci ne, ban iya karanta shi ba, sai dai launinsa ja ne.

Akwai wani mai gyaran kwamfuta a Maraɗi da ƙanena ya saba da shi, mutum ne sa'ana, mai ƙiba da yawan raha. Na aika masa ta bakin wani direba, ya tsallako ranar Alhamis da safe da jakarsa.

"Sannu Bakatsinen da aka bari gadin gida," ya ce yana shigowa.

"Sannu Bakatsinen da ya gudu ya bar gida," na ce. Haka muke gaisawa.

Ya zauna ya karanta jan rubutun, ya duba firinta, ya daɗe yana latse-latse. Sannan ya juyo da kujera ya yi mini bayani. Ya ce a cikin kwamfuta akwai babbar manhaja, ita ke tafiyar da komai, ita ke magana da firinta da kyamara. Tamu ta tsufa, waɗanda suka yi ta sun daina aiko mata da gyara. Ga shi kullum direbobi na kawo filashi, wanda shi yake kira kile, ana cusa mata. Dole a ɗora sabuwa.

"To a ɗora," na ce.

"Tsaya, Malam. Reshe biyu ne, sai ka zaɓa. Na hwarko reshen tsaro. Shi ba ya canza maka komi. In an gano wata kafa da ɓarawo ko cuta za su shigo, a aiko a toshe, shi ke nan. Ƙarami ne, yau ɗin ga mu gama in tahi gida."

"Na biyun fa?"

"Na biyun tsayayyen reshe. An gwada shi, ya zauna. Shi ma ana toshe mai kafa, amma ana aiko mai da sauran gyare-gyare, har da abin da ke magana da firinta irin taka. In dai ba ni ne ban san aikina ba, koren ga daga nan yake."

"Ashe na biyun ya fi."

"Ya fi nauyi dai."

Ya ɗauki biro ya zana mini a bayan kwalin tawada. Ya ce faifan da ke cikin kwamfutar an raba shi gida biyu, kamar shago da katanga a tsakiya. Ƙaramin ɗaki na manhaja ne, babban na hotuna. Reshen tsaro zai shiga ƙaramin ɗakin yadda yake. Tsayayyen reshe ba zai shiga ba sai an matsar da katangar, kuma kafin katanga ta matsa sai kwamfutar ta kwashe hotunan da ke jikinta ɗaya bayan ɗaya ta mayar da su can ciki.

"Yayin da take kwasar nan," ya ce, ya ɗaga biron, "kada kuran, wutar lantarki ke nan, shi ɗauke. In ya ɗauke, ba ta san wanda ta ajiye ba, ba ta san wanda ke hannunta ba."

Na tambaye shi shi wanne zai zaɓa. Ya ce in tasa ce, da tsohon faifai irin wannan, reshen tsaro zai sa ya kwanta ya yi barci. Amma shi ba hoto yake sayarwa ba.

Na fita waje na kira ƙanena. Ya saurara, sannan ya ce, "Yaya, in an gama duk wannan fuskoki suka ci gaba da fitowa kore, me muka yi ke nan? Sabuwar firinta ba yanzu ba." Na faɗa masa maganar katanga. Sai ya ce, "Kai ne a wurin, Yaya. Abin da ka gani shi ne."

Na tsaya a bakin shago ina kallon wani sabon shagon hoto da aka buɗe can tsallaken titi. Direbobi biyu da na sani suna zaune a bencinsa. Ranar Lahadi kasuwar Jibiya ke ci, ranar ce muke samun aikin da ke riƙe mu har mako. Na koma ciki na ce a sa tsayayyen.

Mai gyara ya ce to a kwafe hotunan a ajiye gefe tukuna. Abin buga faifan sidi na kwamfutar ya daɗe da mutuwa. Filashin da ke jakarsa ƙarami ne, nawa ma haka. Muka haɗa su biyu suka ɗauki Direbobi da Maraɗi, suka cika. Waɗannan na zaɓa saboda su ake nema kullum. Na ƙauyuka muka bar su a ciki. Ya ce a Katsina za a samu babban abin ajiya, amma zuwa da dawowa zai cinye yinin, shi kuma yana so ya koma kafin Asabar, don a lokacin ba wanda ya san ko za a wayi gari an sake rufe boda.

Yinin Alhamis a sauko da sabuwar manhajar ya ƙare. Modem ɗinmu a bakin iyaka yake, sabis ɗin yana tsalle, yanzu na Nijeriya anjima na Nijar, duk tsallen sai abin ya tsaya. Mai gyara ya ɗaure modem ɗin a kan gora ya fitar ta taga, yana juya ta kamar mai kaɗa tsuntsaye a gona.

A nan ya kamata in faɗi yadda muke samun wuta. Wutar gwamnati ba a sa ta a lissafi. Layin shagunanmu janareta ɗaya muke sha, babba, na wani mutum da ke zaune a rumfarsa yana kula da shi. Rumfar tana jingine da katangar masallacin tasha. Tun farkon shari'a 'yan layi suka yi yarjejeniya cewa da an tada salla zai kashe, don ƙararsa na danne muryar liman. Ba wanda ya taɓa jin nauyin haka. Salla ba ta daɗewa, mu kuma muna da ɗan akwatin batir a ƙarƙashin tebur da ke riƙe kwamfuta har a sallame. Ranar Alhamis ɗin nan an kashe da azahar, an kashe da la'asar, akwatin ya yi ta ƙararsa tit, tit, ya riƙe. Mai gyara ya gani ya ce madalla.

Juma'a daban ce. Ranar Juma'a tun liman bai hau mumbari ba ake kashewa, ba a kunnawa sai an watse. Na san haka sarai. Amma mai gyara ya ce in muka fara da sassafe, kafin rana ta take an gama, don haka ban kawo Juma'a a raina ba, shi kuma bai san tsarinmu ba.

Da safe ya danna, katanga ta fara matsawa. Wani dogon layi ya fito a fuskar kwamfutar, yana cika a hankali daga hagu. Da farko ya yi gudu, har muka aika aka kawo mana koko da ƙosai. Da ya wuce rubu'i sai ya soma ja da ƙyar. Faifan yana wata ƙara a ciki, ƙas-ƙas, kamar ɓera na cin kwali. Mai gyara ya daina raha. Ya sa kunne a jikin kwamfutar.

"Faifan ga ya gaji," ya ce. "Wasu wuraren sai ya karanta ya sake karantawa."

Na kafa farce a gilashin, daidai inda layin ya tsaya, na je na dawo. Ya wuce farcen da ɗan abin da bai kai ƙwayar shinkafa ba. Hantsi ya ɗaga. Masu shayi suka fara kife kofuna. Sai na ga ana shimfiɗa tabarmi a bakin titi, a nan ne na tuna.

"Yau Juma'a," na ce.

"Na sani mana."

"Za a kashe janareta. Har a gama huɗuba da salla."

Ya dube ni, ya dubi layin da ya ɗan haura rabi. "A tsayar da shi mana," na ce. Ya girgiza kai. Ya ce tsayarwa da ɗaukewar wuta duk ɗaya ne a wurinta.

Na tafi wurin mai janareta. Yana alwala a gefen rumfa. Na tsuguna na faɗa masa komai, har da katanga, ban san ko ya fahimta ba.

"Yaya," ya ce, "wallahi da ta ni ce da na bar maka. Amma dubi nan." Ya nuna ƙasa. An riga an shimfiɗa tabarma har jikin rumfar. "Sahu a nan yake wucewa. Mutum zai sa goshi ga bakin salansar janareta? Ko na yi shiru, wani zai tashi ya kashe, kuma gobe ni za a kira."

"Ko ka ɗan jinkirta."

"Zan kai maka har liman shi fito. Daga nan ba hannuna."

Ban ji haushinsa ba. Ni ma ina cikin waɗanda suka ce a riƙa kashewa.

Da na koma na tarar mai gyara ya jawo akwatin batir ya kwance murfinsa. Ya ce in an samu batirin mota zai jona a ƙara masa ƙarfi. Na ruga tasha. Manyan motoci duk an kulle, direbobin sun tafi wanka. Wanda na samu shi ne direban nan da ya ce na mayar da shi zogale, yana goge tasinsa. Bai yi musu ba, ya kwance batirin ya ɗauko a kafaɗa.

Mai gyara ya dubi batirin, ya dubi direban. "Wanga ba shi ne na motar da kullum sai an tura ba?"

"Turawar don motsa jini ne," in ji direban. "Batiri lafiya lau yake."

"Allah shi sa."

Ya jona da wayoyi biyu, zufa na ɗiga daga haɓarsa. Layin ya kai kamar kashi biyu cikin uku. Aka yi kiran salla. Jim kaɗan janareta ya yi tari ya mutu, fanka ta tsaya, akwatin ya fara: tit. Shiru. Tit.

Muka ja ƙofa ba mu kulle ba. Na samu wuri a sahun da ke daf da shagon, mai gyara na gefena. Daga nan ina jin akwatin. Liman ya yi huɗuba a kan yunwar da ake yi a ƙetare a shekarar, da mutanen da ke tsallakowa neman abinci, ya ce kada wanda ya rufe musu ƙofa. Huɗuba ce mai kyau, mutane na share ido. Ni ina zaune ina roƙon Allah ya sa ya taƙaita, ina kuma jin kunyar roƙon. Duk lokacin da ya tsaya shan numfashi sai in ji tit.

Wajen ƙarshen huɗuba ta biyu ƙarar ta canza. Ta zama da sauri, tit-tit-tit, ba hutawa. Mai gyara ya sunkuyar da kai. Aka tada iƙama muka miƙe. A raka'ar farko ina jin ta. Da muka ɗago daga sujadar raka'a ta biyu ban ƙara jin ta ba.

Bayan an watse janareta ya tashi. Mai gyara ya kunna kwamfutar. Baƙin allo ya fito da ɗan farin rubutu a sama. Ya kashe ya sake kunnawa, haka dai. Direban ya zo ɗaukar batirinsa, ya ga fuskokinmu, ya kwance wayoyin da kansa ya fita.

Mai gyara ya ciro faifan ya naɗe a tsumma, ya ce zai tafi da shi Maraɗi, akwai abin da zai gwada a shagonsa. Ya sa mana wani tsohon faifai daga jakarsa, ya ɗora tsayayyen reshen a kai. Faifan ba komai a ciki, ba katangar da za a matsar, kafin magariba an gama. Ya ɗauke ni hoto don gwaji. Firinta ta fitar da fuskata daidai, baƙata yadda Allah ya yi ni, ba kore ko ɗigo.

"Ka gani," ya ce a hankali. "Koren daga nan ɗin ne."

Na kira ƙanena a daren. Ya yi salati, sannan ya ce, "Firintar dai ta gyaru?" Na ce ta gyaru. Ya ce to Allah ya sa haka ne mafi alheri. Bai ƙara tada maganar ba har yau. Ranar Lahadi muka yi aiki sosai, ba hoton da aka mayar.

Bayan wasu makonni mai gyara ya dawo da abin da ya iya cetowa. Hotuna ne a zube wuri ɗaya, ba folda, ba sunan gari. Wasu lafiya lau. Wasu daga goshi zuwa hanci mutum ne, daga nan ƙasa toka. Na riƙa zama idan ba mutane ina buɗe su ɗaya-ɗaya, wanda na gane garinsu in mayar da shi.

Ina cikin wannan aikin wata Lahadi wani tsoho ya yi sallama. Manomi ne daga Gangara, da ƙaramin gicciye a wuyansa. Na tuna shi. Ya taɓa zuwa da matarsa suka ɗauki hoto, ta ƙi cire kallabinta na ado, muka yi ta lallashi. Ya ce ta rasu bayan girbi. 'Ya'yansa na so a manna hotonta a takardar addu'ar da za a yi mata a coci.

Na ba shi kujera kusa da ni. Na faɗa masa abin da ya faru da gajeren bayani, na ce mu duba tare. Muka bi hotunan mata duka. Yana matso da fuska har hancinsa na kusan taɓa gilashin. Sau biyu ya ce tsaya, sannan ya ce a'a. A wani mai rabin toka ya daɗe.

"Goshin kamar nata," ya ce.

"In wanke maka shi, Baba?"

Ya ƙara dubawa. "A'a. Kada in kai musu goshin matar wani."

Ya tashi ya ɗauki sandarsa. A bakin ƙofa ya juyo ya tambaya ko nasa hoton yana nan. Na duba. Shi ma babu. Ya ce to wannan da sauƙi, shi yana nan. Ya zauna gaban farin ƙyalle na ɗauke shi.

Har yanzu in aka tambaye ni wane reshe ya kamata mutum ya bi, ba ni da amsa ɗaya. Da na ɗauki na tsaro, da hotunan suna nan, da kuma wataƙila shagon ya mutu da korayen fuskoki. Abin da nake iya faɗa wa mai tambaya shi ne ya kwafe komai tukuna ko da zai kai shi Katsina, kuma ya tambayi wace rana ce.

Da na gama tantancewa, ga abin da ya tafi. Foldar Gangara gaba ɗaya, sai fuska shida. Ta Daddara fiye da rabi. Ta Mazanya kusan rubu'i. A cikin waɗanda suka ɓace, mutum goma sha ɗaya na san sun riga mu gidan gaskiya, huɗu daga cikinsu iyalansu sun zo nema ban samu ba. Sai foldata, shafi tara na farkon rubutun da na yi da hannuna. Sai batirin direba, wanda bai sake tada mota ba.